Takardata ta ce A1 a lissafi, jami'a ta ba ni F: in biya a gyara ko in faɗa wa Baba?

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne ɗan shekara 20, na gama aji ɗaya a sashen Kemistiri na wata jami'ar tarayya a nan Arewa. Sakamako ya fito, CGPA ɗina, wato matsakaicin makina a tsarin foyin 5, 0.89 ne, ina da kari-oba biyar, wato kwasa-kwasan da na faɗi sai na sake: lissafi biyu, fiziks biyu, kemistiri ɗaya. An sa ni a firobeshan, wato gargaɗin cewa in ban gyara ba za a sallame ni. Abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba shi ne, WAEC ɗina a wata santa ta musamman na rubuta, inda ake rubuta mana amsa a allo. Mahaifina ne ya biya kuɗin, don burinsa in zama likita. Na fito da A1 a lissafi, B2 a kemistiri, B3 a fiziks. A JAMB na samu 187, shi ya sa ba a ba ni likitanci ba. Baba ya ce in dage, in na ci sosai a shekarar farko sai a mayar da ni can. Har yanzu Dakta yake kirana, kuma da ya tambaye ni sakamako ce masa na yi 3.8.

Amma Malam, su ma malaman da laifinsu. Mun fi 600 a ɗakin lakca, lasifika ba ta aiki, na baya ba ya jin komai. Malamin lissafi tun ranar farko ya ce mana A ta Allah ce, B tasa ce, mu yi kokawa a kan sauran. Turancinsu kuma da gudu yake. Bayan mako uku na daina shiga lissafi don ba na gane komai, har tes ɗaya ya wuce ni. Yanzu wani abokina ya ce ya san mutumin da zai gyara maki, naira dubu 40 kowane kwas, ko kuma a samo wanda zai zauna mini jarrabawa. Kuɗin rijista na hannuna, saura mako uku a rufe. Ba na barci, abinci ba ya shiga, wani lokaci sai in ji gara in shiga duniya. Ga ƙanwata tana SS 3, Baba na shirin kai ta santar nan. Don Allah me zan yi?

Wa alaikumus salam, ɗana.

Kada ka biya. Da wannan na fara saboda kuɗi na hannunka, kuma wanda ba ya barci yana da lokacin yanke muguwar shawara. Sakamakon da aka riga aka liƙa ya bi ta hannun malamin kwas, da jami'in jarrabawa, da taron sashe, da na tsangaya, kafin majalisar jami'a ta sa masa hannu. Kwafinsa yana wurare da dama, takardar amsarka kuma tana ajiye. Mutumin da abokinka ya sani ɗayan biyu ne. Ko ɗan damfara ne da zai karɓi dubu 200 ya kashe waya, ka rasa kuɗin rijista kuma ba ka da bakin kai ƙara. Ko kuma da gaske hannunsa yana kaiwa ga kwamfuta, wannan ma ya fi muni, domin idan aka zo tantance masu kammala karatu ana komawa kan takardun asali, a nan ake kama irin wannan, bayan mutum ya ƙona shekara huɗu. Sojan gona a ɗakin jarrabawa kuwa hukuncinsa kora ce, kai da wanda ya zauna maka in shi ma ɗalibi ne, kuma dokar maguɗin jarrabawa ta 1999 ta mai da shi laifin da ake iya gurfanar da mutum a kotu a kansa. Wanda aka sallama don ya kasa yana iya sake JAMB ya shiga wani wuri ba tabo a jikinsa. Wanda aka kora don maguɗi, sunan yana bin sa. Hadisin da Manzon Allah (SAW) ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu kuwa ba sai na tuna maka ba. Da ba ka san shi ba, da kana barcinka lafiya.

Mu ma ƙaddara an gyara maka lami lafiya, ba wanda ya sani. A aji biyu akwai kemistirin da kusan rabinsa lissafi ne, kuma a kan wanda ka faɗi ɗin aka gina shi. Samista mai zuwa sai ka sake nemo wasu dubban, ta bayanta ma haka, har ka zama gonar mutumin nan.

A cikin duk lambobin da ka rubuto, 187 ce ta faɗa maka gaskiya tun kafin ka sa ƙafa a jami'a. Tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, kowa da kujerarsa, ba mai tsayawa gaban allo da alli. Maki 187 cikin 400 bai kai 47 cikin 100 ba a kowane darasi idan aka raba daidai. Wanda ya ci B2 da B3 da guminsa ba haka yake fitowa ba. Ka kuma lura da wani abu: mai neman likitanci Turanci da bayoloji da kemistiri da fiziks yake rubutawa a JAMB, babu lissafi a ciki. Wato A1 ɗin nan ba wanda ya taɓa ƙwanƙwasa ta ya ji ko akwai wani abu a cikinta, sai ranar da ka zauna MTH 101, lissafin aji ɗaya. Irinka ba kaɗan ba ne. A jarrabawar 2025, cikin kusan mutum miliyan 2 da suka rubuta, fiye da miliyan 1.5 ba su kai 200 ba. Mafi ƙarancin makin shiga jami'a da aka amince da shi 140 ne daga 2022 zuwa 2024, aka ɗaga shi zuwa 150 a 2025. An buɗe ƙofar shiga sosai, amma abin da ake koyarwa a aji ɗaya yana nan inda yake, bai sauko ya tarbi kowa ba.

Ba zan ɗora maka duka ba. Kana ɗan 17 ko 18 aka kai ka santar nan, ba kai ka buɗe ta ba, ba kai ka sayi masu sa ido ba, kuma yaron da uba ya ce masa ga inda za ka rubuta ba shi da ta cewa. Ramin ma tun kafin SS 3 aka fara haƙa shi. A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawar 'yan aji huɗu, 21,780 suka kasa samun makin da aka nema. An yi ta cece-kuce kan yadda aka yi jarrabawar da korar da ta biyo baya, amma duk wanda ya leƙa ajin firamaren gwamnati a jihohinmu ya san ba Kaduna kaɗai ke da ciwon ba. Ƙorafinka kan jami'a shi ma yana kan hanya. Mutum 600 a ɗaki ba lasifika ba koyarwa ba ce. Yajin aikin ASUU na 2020 ya ci wata tara, na 2022 ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, kuma bayansu jami'o'i da yawa sun riƙa matse samista don su cim ma kalanda, abin da ya fi cutar mai rauni irinka. Malamin da zai tarbi sababbin ɗalibai da cewa A ta Allah ce kuwa, ni a wurina bai san aikinsa ba. Tsoratarwa ba ta taɓa koya wa kowa lissafi ba.

Sai dai cikin duk waɗannan babu wanda za a sallama a ƙarshen shekarar nan. Mai santa ya ci kuɗinsa ya goge baki, malami zai karɓi albashinsa. Sunanka ne zai fito a takardar waɗanda aka ce su tafi. Saboda haka rabon laifi, ko ya fito daidai, ba abin da zai ƙara maka.

Kuma akwai layi guda a wasiƙarka da ba na kowa ba ne sai kai: ka daina shiga lakca bayan mako uku. Jami'o'i suna neman halartar kashi 75 cikin 100 kafin a zauna jarrabawa, ko da ba ko'ina ake tsaurarawa ba. Tes da asayimen maki 30 ne ko 40 cikin 100, kuma su ne suke ɗauko mai rauni su ɗora shi a kan 40 ɗin da ake buƙata. Ka zubar da su, ka shiga jarrabawa kana neman 40 daga abin da ya rage, a darasin da ba ka zauna ba. Kujerun gaba a ɗakin nan ba na 'ya'yan kowa ba ne, na wanda ya fito bayan asuba ya ajiye littafinsa ne. Ka taɓa ƙwanƙwasa ofishin malamin? Ka taɓa tare wani ɗan ajinku ka ce don Allah nuna mini inda aka samo wannan? Ina kyautata zaton ba ka yi ba, kuma ba lalaci ne ya hana ka ba. Kunya ce. Mai A1 ba ya iya tambayar yadda ake tara 1/3 da 1/4, don yana tsoron a gane. Babbar cutar da takardar nan ta yi maka ke nan: ta hana ka tambaya a lokacin da tambaya ce kaɗai za ta cece ka.

Ba na cikin masu roƙon a sassauta wa ɗalibai saboda daga baya suka taso. Maki 40 cikin 100 ai sassauci ne tun asali. Wanda ya karanta Kemistiri yana iya tsintar kansa a wurin tace ruwan sha yana auna sinadari, ko a kamfanin magani. Mafi yawa kuma, tun daga bautar ƙasa, aji ake tura su. Idan aka ba wanda bai iya lissafin mol ba, wato lissafin yawan sinadari, digiri, yara 80 ne a SS 2 za su zauna gabansa shekara guda, in WAEC ta zo iyayensu su nemi santa. Haka abin yake juyawa, kuma kai kanka ta nan ka fito. In akwai kwas guda da kake da yaƙinin an zalunce ka, akwai hanyar neman a sake duba takarda, ana rubutawa a biya kuɗi a hukumance. Amma F biyar daga malamai daban-daban, a darussan da duk danginsu ɗaya, wannan ba mugunta ba ce.

To mu zo kan alƙaluma, domin tsoro ya hana ka duba su, alhali ba su kai munin da kake zato ba. A tsarin foyin 5, A daga 70 take, foyin 5. B 60 zuwa 69, foyin 4. C 50 zuwa 59, foyin 3. D 45 zuwa 49, foyin 2. E 40 zuwa 44, foyin 1. F kuma sifili. Ana ninka foyin da yunit ɗin kwas, wato nauyin da aka ba kowane kwas, a tara, a raba da jimillar yunit ɗin da mutum ya yi rijista. Mu ce ka ɗauki yunit 36 a shekarar farko. Ke nan 0.89 na nufin foyin 32 gare ka. Idan samistar nan ka ɗauki yunit 15 kacal, ka ci C a duka, ka samu 45. Tara da 32 ya zama 77, raba da 51, ya ba ka 1.51. Ka fita daga hatsari a samista ɗaya, ba tare da B ko ɗaya ba. Idan kuwa ka yi abin da yawancin masu kari-oba ke yi, ka cika yunit 24 don kada 'yan ajinku su wuce ka, ka ci E a rabi ka faɗi rabi, foyin 12 za ka samu. Ya zama 44 a raba da 60, wato 0.73. Daga nan sai haɗa kaya. Don haka ka fara da kari-oba na wannan samista, ka ƙara kaɗan a kai, ka tsaya a mafi ƙarancin da aka yarda da shi, wanda galibi 15 ne. Za ka ƙara samista ko shekara, wannan ka haɗiye shi tun yanzu. Kwas na shekara huɗu ana ba shi har shekara shida, kuma iyakar shekarun bautar ƙasa 30 ne, kai kuwa 20 gare ka.

A yawancin jami'o'inmu F ɗin da ka samu ba ta gogewa daga lissafi ko ka ci kwas ɗin daga baya, saboda haka ga iyakar abin da za ka sa rai. In ka gama da yunit 150 gaba ɗaya, ka riƙe C daga yau har ƙarshe, za ka fita da kusan 2.49, kuma 2:2, wato ƙaramin matakin digiri mai daraja ta biyu, daga 2.40 take farawa. Wannan yana iya yiwuwa. Ita 2:1 da ke samanta daga 3.50 take, sai ka riƙe sama da 4.3 a duk abin da ya rage, kuma ba zan yaudare ka in ce tana kusa ba. Likitanci ta wannan hanya kuwa ya rufe. Gurbin kaɗan ne, majalisar likitoci ta ƙasa ce ke ƙayyade wa kowace jami'a adadin da za ta ɗauka, kuma ko masu 4.5 ba duka suke samun canjin ba. Ƙa'idar firobeshan tana ɗan bambanta daga jami'a zuwa jami'a, wasu 1.00 ce iyakarsu, wasu 1.50, wasu kuma maimaita aji suke sa mutum. Taku tana cikin littafin ƙa'idojin ɗalibai da aka raba muku da kuka shigo. Ka karanta shi, sannan ka je wurin kodinetan ajinku da takardar sakamakonka kafin ka taɓa fom ɗin rijista. Ba kai ne na farko da ya shiga ofishinsa da 0.89 ba.

Kafin nan akwai aikin da nake so ka yi cikin makon nan, kai kaɗai. Ka samo tambayoyin lissafi na WAEC na shekarar da ka rubuta, ɓangaren zaɓi, tambaya 50 a awa ɗaya da rabi. Ka shiga laburare, ka kashe waya, ka zauna kamar da gaske, sannan ka yi wa kanka makin. Abin da ka ci ba shi ne muhimmi ba. Ka jera inda ka maƙale. In firakshan ne da rashiyo da lambobi masu alamar ragewa, raminka a JSS yake. In indisis ne da logaridim da juya fomula da karanta giraf, a SS 1 da SS 2 yake. Nan za ka ga abin da nake zato: kari-oba biyar ɗin nan ciwo ɗaya ne. Lissafin mol rashiyo ne. pH, ma'aunin tsamin abu, logaridim ne. Rabin tambayoyin fiziks na aji ɗaya juya fomula ne da nemo gangaren giraf. Wanda ya gyara lissafin sakandare ya yi rabin aikin kwas biyar ɗin a lokaci guda. Littattafan kuwa ba sai ka saya ba, suna jakar ƙanwarka.

Shi lissafi ba a karanta shi da ido. Biro da takarda, ka rufe misalin ka yi da kanka, ka buɗe ka gani, in ka kuskure ka sake. Awa biyu kullum bayan asuba, har Asabar da Lahadi, ta fi kwana a aji a makon jarrabawa, ba a fafe gora ranar tafiya. Ka nemi ɗalibi guda da ya ci kwas ɗin sosai, ka faɗa masa gaskiya cewa tushenka ne ba shi da kyau, ka roƙe shi awa ɗaya sau biyu a mako. In ya nemi wani abu ka ba shi, wannan kuɗi ne da aka kashe a inda ya dace. Ƙungiyoyin ɗalibai, irin su MSSN ta ɗalibai Musulmi da ƙungiyar sashe, sukan shirya tutoriyal kyauta, ka zauna a gaba ka tambayi abin da ka san wasu za su yi maka dariya a kai. Rabin masu dariyar su ma ba su sani ba.

Batun Turanci, ba gudun malami ne matsalar ba, kana jin kalmomin ne karon farko a bakinsa. Ka karanta abin da za a koyar tun daren, da ƙamus a gefe, ko ba ka gane ba kunnenka zai saba. Bayan lakca ka gwada bayyana wa abokin ɗakinka abin da aka yi da Hausa. Inda ka kasa faɗa da Hausa, nan ne ba ka gane ba, ka sa masa alama. Sannan ka rubuta shi da Turanci a gajerun jimloli, malamin kimiyya ba adon magana yake nema ba. Waya tana da amfani, akwai darussan lissafi kyauta a YouTube da za ka iya tsayarwa ka maimaita sau goma ba mai harararka. Amma ɗaukar hoton asayimen a ba manhaja ta warware ka kwafe, wannan santar nan ce ta dawo a aljihunka.

Sai maganar Baba, wadda na san ita ce ta fi hana ka barci. Ka faɗa masa, kuma kafin a rufe rijista. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Karatunka zai ƙara tsawo, kuɗi zai ƙaru, shi zai biya, ba yadda za a yi 3.8 ta ƙara shekara bai tambaya ba. Gara ya ji daga bakinka da ya ji daga bakin ɗan maƙwabci da ya ga sunanka a allon sanarwa. Kada ka yi ta waya. Ka je gida. Ka fara da Umma, ko da Baffa ko Kawun da ka san Baba yana jin nauyinsa, ka faɗa masa komai, ka roƙe shi ya zauna tare da ku. A zaɓi lokacin da ya natsu, bayan isha, ba a gaban ƙanne ba. Ka fara da laifinka, kuma ka kira shi da sunansa: Baba na yi maka ƙarya, ba 3.8 na samu ba, ga takardar, ka yafe mini. Kada ka yi kwana-kwana, kada ka fara da lasifika da malamai. In ka fara da su zai ji kamar kana neman mafaka, kuma ƙaryar ce za ta fi yi masa ciwo, ba makin ba.

Zai yi faɗa, wataƙila ya yi kwanaki bai amsa gaisuwarka da kyau ba. Ka ci gaba da gaishe shi. Akwai abin da zai zo maka baki a lokacin, cewa ai shi ya kai ka santar. Kada ka furta shi. Gaskiya ce, amma ba daga bakin ɗa ba, kuma ba a wannan zaman ba. Shi ma ya sani, kuma wani ɓangare na fushin da za ka gani da kansa yake yi. Bai kai ka can don ya cuce ka ba, ya ga kowa yana yi, ya ji tsoron a bar ɗansa a baya. Abin da za ka iya faɗa cikin ladabi shi ne, abin da ke takardata ta WAEC ba shi ke kaina ba, kuma jami'a ta gane. Sauran ka bar wa Baffa, babba da babba sun san yadda suke faɗa wa juna. Ka zo da lissafin da muka yi a rubuce, yunit nawa za ka ɗauka, me kake sa ran samu, shekara nawa ta rage. Uba yana sauƙin haƙuri idan ya ga yaro ya zo da mafita a hannu. Ka kuma faɗa masa a fili cewa likitanci ba zai yiwu ta nan ba, don kada ya ci gaba da shaida wa abokansa a majalisa, kunyar ta ƙaru.

Ƙanwarka ma ta bakin Baffa za a bi. Kuɗin santa in aka ba malamin lesin ya zauna da ita watannin da suka rage, ta fito da C5 nata na kanta, ya fi mata. In ta faɗi wani darasi akwai NECO, akwai kuma jarrabawar masu zaman kansu a ƙarshen shekara, kuma kwasa-kwasai da yawa suna karɓar sakamakon zama biyu. Sakamakonka shi ne hujjar da ba wanda zai iya musawa a gidan.

Shiga duniya da ka ambata ban ɗauke shi wasa ba. Rashin barci da rashin cin abinci in suka wuce mako biyu, ka je asibitin makaranta ka faɗa wa likita kamar yadda ka faɗa mini, akwai kuma ofishin ba da shawara a sashen kula da harkokin ɗalibai. In tunanin ya taɓa kai ka ga cutar da kanka, a ranar ka faɗa wa wani babba, kada ka kwana da shi. Ina sa ran da yawa daga nauyin zai sauka ranar da ka daina ɗaukar sirrin kai kaɗai.

Ka ba Kemistiri samista ɗaya ta gaskiya, ba fashin lakca, ba tes ɗin da zai wuce ka. In sakamakon samistar ya kai 2.5 ko sama, ka ci gaba, hanya ta buɗe. In ka yi iyakar yinka bai kai 2 ba, kada ka jira a sallame ka. Ka nemi canjin sashe tun kana da damar nema, zuwa inda lissafi bai yi yawa ba kuma darussanka na sakandare sun dace, kodineta zai gaya maka waɗanda ke karɓa da lokacin da ake sayar da fom. In nan ma bai yiwu ba, akwai kwalejin kimiyya da fasaha, akwai kwalejin ilimi, akwai makarantun fasahar kiwon lafiya ga mai sha'awar aikin asibiti, kuma mai difloma ko NCE da sakamako mai kyau yana iya dawowa jami'a kai tsaye aji biyu. Akwai kuma IJMB, shirin share fagen shiga jami'a da jami'ar Ahmadu Bello ke gudanarwa, ga wanda yake so ya sake gina tushe kafin ya dawo. Kuɗin rijistar nan kuma ka biya su a banki gobe in kodineta ya gama duba maka kwasa-kwasan, kada su sake kwana a hannunka abokin nan yana kiranka. Allah ya ba da sa'a.